Kiɗa da Karatu: Wane Sauti Ne Abokin Ɗalibi?



Duk wanda ya leƙa ɗakin karatu a kwanakin jarrabawa zai ga ɗalibai sun duƙufa, littafi a gaba, kiɗa a kunne, wai yana buɗe musu kai. Matsayina a yau shi ne, sauti ba ya ƙara wa kowa basira. Iyakar amfaninsa ya tare wa mai karatu hayaniyar da ta fi shi illa.

Zancen cewa kiɗa na kaifafa ƙwaƙwalwa ya bazu ne a 1993, lokacin da Frances Rauscher da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya suka sa wa ɗalibai 36 kiɗan Mozart na minti 10, sannan suka gwada su a kan fahimtar siffofi. Makinsu ya ɗan ɗaga, amma kafin minti 15 tasirin ya gushe. A lura, kafin aikin aka saurari kiɗan, ba ana cikinsa ba. Duk da haka labari ya yi nisa, har a 1998 gwamnan Jojiya a Amurka, Zell Miller, ya nemi a ba kowane jariri a jiharsa faifan irin wannan kiɗa. Shekara guda bayan haka, wani bincike a Kanada ya nuna cewa masu son labari, da aka sa musu labari maimakon kiɗa, su ma makinsu ya ɗaga. Ashe sirrin nishaɗi ne da wartsakewa.

To, me ke faruwa idan ana karatu ana saurare? Mai karatu, ko bai motsa leɓe ba, yana maimaita kalmomi a zuci kafin su zauna. Maganar da ta shiga kunne kuwa ba ta sallama, kai tsaye take faɗawa wurin da ake wannan maimaici. Tun a 1976 aka nuna cewa magana, ko cikin harshen da mutum ba ya ji, tana rage masa ikon riƙe jerin abubuwa. A 1989 Pierre Salamé da Alan Baddeley suka gano cewa waƙa mai baitoci ta fi zallar kiɗa yin wannan ɓarna. Taura biyu ba ta taunuwa.

Wani zai ce, ai a makarantar allo kowa da ƙarfi yake karatu, kuma ana hadda. Gaskiya ne, amma almajiri muryar kansa yake bi, sauran muryoyin kuma sun cakuɗe sun zama amo guda. Masana sun tabbatar cewa murya ɗaya da ake jin kalmominta ta fi taron muryoyi raba hankali. Wani kuma zai ce waƙar da yake ƙauna ce ke zaunar da shi kan kujera. Zama daban, fahimta daban. Nick Perham a Kadif ta Birtaniya ya gwada waƙar da mutum ke so da wadda ba ya so, duka biyun suka rage abin da aka tuna idan aka kwatanta da shiru. Wanda ke neman karsashi ya saurara kafin ya buɗe littafi, ko lokacin hutu.

Uzurin da ya fi ƙarfi shi ne shirun kansa ya yi tsada: ga hirar abokan ɗaki, ga rediyon maƙwabta. A nan ne sauti ke da rana. A zaɓi wanda ba kalma a cikinsa, ba ya hawa da sauka, kamar saukar ruwan sama, ƙugin fanka ko kiɗa mai sanyi, kuma a rage ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraron ƙarar da ta kai desibel 80.

Saboda haka, 'yan uwa ɗalibai, idan shiru ya samu ku riƙe shi. Idan bai samu ba, ku nemi sautin da ba ya magana, waƙa kuwa ku ajiye ta sai an rufe littafi.