Mu Koya wa Yara Jin Wutsiyar Kalma

 

Yau zancenmu a kan yara ƙanana ne, ƴan shekara 4 zuwa 6, waɗanda ba su shiga lakkol ba tukuna. Ku da kuka koyi karatu da girmanku, kun san inda kuka sha wuya. Farkon kalma ba ya ba mu wahala sosai. Ƙarshenta ne ke kuɓuce mana, domin in muna sauri baki yakan haɗiye shi.

Wani ɗalibina, magidanci, ya rubuta takarda da hannunsa zuwa ga ƙanensa da ke cirani a Abijan. Yana so ya ce, "Ka aiko da kuɗin taki." Sai ya rubuta "ka aika." Allah ya sa ya nuna mini kafin ya ba direba. Na ce, "Malam, ina kake so ya aika da su?" Ya duba, ya kama baki. Harafi ɗaya ne tak, amma shi ke nuna inda kuɗin za su nufa. Haka shiga da shigo, fita da fito, yaro da yara. Hausa takan ajiye ma'ana a wutsiyar kalma. In yaro ya saba jin wutsiyar tun yana gida, ba zai yar da ita a kan allo ba.

Kada ku ba shi alli tukuna. Da kunne za a fara. Ke uwa, da dare bayan an ci tuwo, ki ce masa, "Tuwooo." Ki ja ƙarshen kamar mai kiran wani daga gona. Ki tambaye shi, "Da me ya ƙare?" In ya ce "o," ki yaba masa. Sa'an nan ki jero masa gero, rogo, zomo, kaza. Ki ce, "Wace ce baƙuwa a cikinsu?" Ranar da ya kama kaza da kansa, za ki ga murna.

Mun yi sa'a, yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, wato a, e, i, o, u. Waɗanda ke ƙarewa da baƙi kaɗan ne, kuma su ne masu ɓuya. Kai uba, ka sa shi ƙirga. Biyu, uku, huɗu, duka da "u" suka ƙare. Da ya zo takwas, sai ya ji wani abu kamar hucin maciji. Ka ce "mutum," ka ce "malam," ya dubi bakinka ya ga leɓɓa sun rufe. Yara kuma suna son fari fat, ja wur, baƙi ƙirin. Ku bar su su yi ta faɗa da ƙarfi.

Wani abu guda. A wajen Tawa ana cewa biyat, wasu wurare kuwa biyar. In ɗanka ya ce "t" ya ji, kada ka tsawata masa. Abin da ya ji a gida ya faɗa, kunnensa lafiya lau. Yadda ake rubutawa, mushe zai nuna masa in ya shiga lakkol.

Ban da duka, ban da tilas. In ya fara hamma, ku bar shi ya kwanta.

Kafin mako mai zuwa, ku gwada da sunayen mutanen gidanku, ku ji nawa ne suka ƙare da "a," nawa da "u." Sai mun sake haɗuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.