Rana da Fatar Mutanen Indiya

A biranen Indiya irin su Pune da Jaipur, za ka ga 'yan mata a kan babur sun naɗe fuska da gyale, ido kaɗai a waje. Gudun ƙura suke yi, da kuma zafin rana.

Mutane da yawa a can sun ɗauka duhun fata ya ishe su garkuwa. Gaskiya ne sinadarin melanin yana rage ƙuna, cutar daji ta fata ma ba ta yawaita a tsakaninsu kamar Turawa ba. Amma irin wannan fata tana saurin yin tabo. Ƙurji ya warke, rana ta mayar da gurbinsa baƙi na tsawon watanni. Ga melasma, dabbare-dabbaren da ke addabar kumatun mata, musamman masu juna biyu.

Likitocin fata na ba da shawarar man kariya daga rana mai SPF 30 ko fiye, wanda ke tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken UVB, mai alamar PA+++ saboda UVA. A shafa kowace safiya, har da damina, domin gajimare ba ya tare hasken duka. Mai yini a waje ya sabunta bayan awa biyu.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake haɗa wannan mai da man bilicin. Man kariya ba ya sauya launin kowa, lafiyar fata yake tsarewa. Mu ma da muke ƙarƙashin irin wannan rana, mu nemi inuwa da hula mai faɗi, mu kula da fatarmu.