Ɗan Ƙashin Da Ƙasa Ba Ta Ci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa masu saurare, a wannan dare mai albarka za mu yi magana a kan wani ɗan ƙashi da ke can ƙarshen ƙashin bayan kowane ɗayanmu. Larabawa suna ce masa Ajbuz-Zanabi, wato ƙashin wutsiya.

Likitoci sun bayyana cewa ƙananan ƙasusuwa ne, daga 3 zuwa 5, galibi 4, suka haɗu suka zama shi. A jikinsa ne aka ɗaure wasu daga cikin jijiyoyi da tsokokin da ke tallafe kayan mara, masu taimaka wa mutum ya riƙe bayan gida. Idan ka zauna ka jingina, yana ɗaukar wani kaso na nauyinka. Idan mace ta zo haihuwa, yakan ɗan ja baya domin hanya ta buɗe wa jariri. Wanda ya taɓa faɗuwa a kansa ya san ƙimarsa, domin zaman tahiya ma sai ya zame masa aiki.

Amma babban lamarinsa yana gaba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, hadisin da ma'anarsa ke nuna cewa jikin ɗan Adam yana ruɓewa a kabari, ban da wannan ƙashi, kuma daga gare shi za a sake harhaɗa halitta ranar Alƙiyama. Allah zai saukar da ruwa daga sama, mutane su tsiro kamar yadda tsiro ke fitowa.

Manomi bai kamata ya yi mamaki ba. Ƙwayar hatsin da ka binne a busasshen rairayi, ba ta motsi, ruwan farko na sauka sai ta keto ƙasa. Kuma abin da ka shuka shi ne zai fito, dawa ba ta zama hatsi.

To, ya kai ɗan uwa, jikin da kake ƙawatawa na ƙasa ne. Kai kuwa za a tashe ka, a tambaye ka mudun da ka tauye a kasuwa, da gadon marayan da ka danne. Ramadan damina ce. Ka mayar da haƙƙi ga mai shi tun kafin a kai ka makwanci.

Allah Ya karɓi azuminmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya tashe mu cikin tawagar Manzonsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.