Makomar Ƙaramin Manomi a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Shugaban taro, iyayenmu Yandakan Katsina da Maraɗin Katsina, 'yan uwa maza da mata.

Gonar da ta ciyar da gida guda a zamanin kakanninmu, yau rabon gado ya daddatsa ta. Ƙasa ta gaji, taki ya fi ƙarfin talaka, ta'asar 'yan bindiga kuma ta sa an ƙaurace wa wasu gonakin nesa. Da an ɗaure gero da dawa, sai samarinmu su kama hanyar cin rani.

Alhali ga madatsar Zobe kwance a Kogin Karaɗuwa tun 1983. Noman rani na dubban kadada na cikin dalilan gina ta, amma aka shafe shekaru ruwan yana kallonmu muna kallonsa. An ƙaddamar da aikin ruwan sha a 2021, mun gode. Na gona muke roƙo ya wadata.

Muna ba wannan ƙungiya shawara ta haɗa manoma ƙungiya-ƙungiya domin sayen injin ban-ruwa, sannan ta tura wakilai Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, a nemo mana iri mai saurin nuna kafin faɗuwar damina.