Mai Na'ura da Mai Iko da Ita



Duk wanda ya bi ta Hanwa da la'asar sakaliya, daga Kwangila ya nufi Samaru, zai ga ɗalibai da ma'aikatan da suka taso daga aiki, kusan kowa da waya a hannu, wasu da kwamfuta a jaka. Kowannensu da guminsa ya saya, in an tambaye shi kuma zai ce tasa ce. Amma fa a cikin kowace na'ura akwai wata babbar manhaja, watau Windows ko Android ko makamantansu, wadda ke tsaye tsakanin mutum da ƙarfen da ya saya. Matsayinta kamar na dillali ne a kasuwar shanu: baƙo ba ya jin ciniki sai ta bakinsa. Bambancin kawai shi ne, dillali ana iya sauya shi ran kasuwa mai zuwa.

Hujjar masu ƙera manhajar ita ce sauƙi. A ganinsu, yawan bayani yana ruɗa wanda ba gwani ba, don haka gara a sakaya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai sakayawar tana da tsada. Windows ta saba ɓoye haruffan ƙarshe na sunan fayil, alhali kuwa su ne ke nuna ko takarda ce ko manhaja. A watan Mayu na 2000 wata cutar kwamfuta da ake kira ILOVEYOU ta ɓullo daga Manila, ta zo da kamar wasiƙa. Da yake wutsiyar sunanta a ɓoye take, mutane suka yi ta buɗewa, ta ratsa miliyoyin na'urori cikin 'yan kwanaki. Haka kuma a Disamba 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa manhajarsa tana rage saurin wayoyin da batirinsu ya tsufa. Wataƙila dabarar tana da dalili, amma ba a gaya wa masu wayoyin ba, kuma a kan wannan shirun ne hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 a Fabrairu 2020.

Inda abin ya fi taɓa Bahaushe shi ne rubutunsa. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, kuma a nan Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta. Tsarin Unicode ya ba waɗannan haruffa gurbi tun farkon shekarun 1990, ke nan suna nan cikin na'urar. Amma an binne hanyar fito da su a ƙarƙashin saiti bayan saiti, ta yadda ɗalibin da ke rubuta kundin digirinsa kan gaji ya haƙura. Sai ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata, kana na'urar ta ja jan layi ƙarƙashin kowace kalma, ko ma ta mayar da ita Turanci ba tare da neman izini ba. Masu ɗab'i na zamanin dalma, da ke jera haruffa ɗaya bayan ɗaya da hannu, ba su sha wannan wulakanci ba.

Sai batun sabuntawa. Tun fitowar Windows 10 a 2015 na'ura kan sauko da gyare-gyarenta da kanta, ta cinye datar da ma'aikaci ya saya da ragowar albashi, wani lokaci ta kashe kanta ana tsakar aiki. A 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da ita, in ban da wani ɗan ƙarin wa'adi mai sharuɗɗa, Windows 11 kuwa tana neman wani ɓangaren tsaro da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Irin waɗannan na hannu su ne ɗalibi ke iya saye.

Kukan ba sabo ba ne. Wajen 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, an hana Richard Stallman ganin rubutun manhajar wata na'urar buga takardu da yake son gyarawa, kuma wannan na cikin abin da ya sa ya ƙaddamar da shirin GNU a 1983, domin samar da manhajar da kowa zai iya dubawa ya sauya. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki, ya fito da Linux. Abin mamaki, a kan Linux ɗin nan aka gina Android, amma wayar takan iso hannun mai saye a kulle, cike da manhajojin da bai nema ba, ba kuwa zai iya gogewa ba. In wuri ya cike, sai ta ce ya share hotunansa. Wanda ya matsa yakan kai ta wurin masu gyara a PZ, su ɓalle makullin, su kuma gaya masa cewa daga ranar garantinsa ya faɗi.