Kan igwa mai juyawa a wasannin haɗa motoci da bulo

Yau hirarmu ta shiga wani wasa da matasa ke yi a kwamfuta, inda ake haɗa jirgin ruwa ko tankar yaƙi bulo bayan bulo, kamar mai ginin ɗaki. Akwai From the Depths, wanda bulonsa mita 1 ne kowane ɓangare. Akwai kuma Space Engineers na wani kamfani a birnin Prag. A cikinsu duka, ɗaya daga cikin abubuwan da ke ba masu wasa wahala shi ne kan igwa, wato ɗakin nan da ke juyawa da bindiga a saman motar.

Me ya kawo wahalar? Bulo mai kusurwa huɗu ne, juyi kuwa da'ira yake yi. Duk wanda ya taɓa juya akwati a cikin motar da aka cika da kaya ya san kusurwa ce ke kamawa. To ga lissafin. Ka gina kan igwa bulo 3 a tsaye 3 a kwance. Daga kusurwa zuwa kusurwa ya kai mita 4.24, saboda haka ramin da zai juya a ciki sai ya zama 5 sau 5. Gurbi 25 ke nan ka bayar don ka zaunar da bulo 9. Asara ce, malam.

Wanda ya ƙware sai ya ƙara faɗi ya sare kusurwa. Bulo 5 sau 5 cikakke yana bukatar mita 7.07, ɗan ƙiris ya hana shi shiga ramin 7. Amma cire bulo huɗu na kusurwoyi, sauran 21 sai su juya cikin mita 5.83, su shige ramin 7 lafiya lau. Kusurwoyin ramin ma, da yake juyin bai kai gare su ba, sai a cike su da ƙarfen kariya.

Dabara ta biyu ita ce wuya siriri. A bar ɗan ƙaramin kai a sama, harsasai da injin ɗura su a sauke su can cikin cikin jirgi, su riƙa juyawa tare a ƙarƙashin sulke. Wannan daga jiragen yaƙi na gaske aka ɗauko ta, kuma tana da haɗarinta: a yaƙin Jutland na 1916 manyan jiragen Ingila uku sun tarwatse bayan wuta ta kai ga rumbun albarusai. A wasan ma haka ne. Ka cusa harsasai a wuri ɗaya don tsimin fili, harbi guda ya same su, shi ke nan, jirgi ya tafi.

Su ma maƙeran tankoki sun sha wannan. Da Rasha ta so ɗora wa T-34 babbar igwa mai milimita 85, dole ta faɗaɗa zoben da kan ke juyawa a kai daga milimita 1,420 zuwa 1,600, sannan mutum uku suka samu wurin aiki a ciki maimakon biyu.

Ga mai gwadawa, kafin ka rufe saman motar, juya kan igwar zagaye guda cikakke a hankali, ka ɗaga bakin bindigar ka sauke shi, ka ga inda yake gogar bango.