TALOTALON BUKI: A JIƘA SHI CIKIN RUWAN GISHIRI KO A BARI?

Kowa ya matso kusa da radiyo, ya ɗauko allo da alli, don hirarmu ta yau akwai lissafi cikinta.

Wani ɗalibinmu na ajin dare a Yamai ne ya kawo tambaya. Kuku ne, yana aiki gidan waɗansu mutanen Amurka. Uwar gida ta ba shi talotalo guda, ta ce ya jiƙa shi cikin ruwan gishiri kwana ɗaya kafin ya gasa. Shi kuwa tsoro yake ji. Tsuntsu ne mai tsada, baƙi za su zo, in abinci ya ɓaci aikinsa ne ke rawa. Ya ce: Malam, wanga abu yana da amfani kuwa?

Bari mu fara da bukin. A ƙasar Amurka suna da ranar godiya, ranar Alhamis ta huɗu cikin watan Nuwamba. Shugabansu Ibrahim Linkon ne ya mai da ita bukin ƙasa duka a shekarar 1863. Ran nan dangi ke haɗuwa gida ɗaya, kamar yadda muke yi ran Salla. Mu rago muke yankawa, su talotalo suke gasawa. Asalin tsuntsun ma daga can yake. Mutanen ƙasar Meziko suka fara kiwonsa, daga baya Turawan Sipaniya suka kai shi Turai, har ya iso garemu.

To, mene ne wahalar? Ba su yanka shi gunduwa-gunduwa. Ɗungum suke sa shi cikin tanderu, kamar na masu burodi, tsuntsu mai kilo 5 har 10. Yana ɗaukar awa 3 ko 4. Ƙirjin talotalo ba shi da kitse, kuma yana riga cinya nuna. Kafin cinya ta nuna, ƙirji ya bushe, kana tauna kamar kana cin audiga. Wanda ya taɓa gasa zabo ya san wannan.

Ga abin da gishiri ke yi. Nama zare-zare ne. In wuta ta taɓa shi, zaren ya takure, ya matse ruwan da ke ciki, kamar mace tana matse zane wurin wanki. Gishiri in ya daɗe cikin nama yana sassauta zaren. Sai ya zama ba ya takurewa sosai, ruwa da yawa ya tsaya ciki. Saboda haka maganar uwar gida gaskiya ce: naman da aka jiƙa ya fi taushi.

Yanzu ku rubuta. Litar ruwa 1, gishiri garam 60. Talotalo mai kilo 6 yana son kamar lita 8 kafin ruwa ya rufe shi. Sau 8 na garam 60 nawa ke nan? Garam 480. Saura kaɗan ya cika rabin kilo. A bar shi ciki awa 12 zuwa 24. Ku auna da sikeli in akwai, don gishirin kanti mai laushi ya fi bezar Bilma cika cokali, awon ido yana ruɗi.

Amma ku saurara da kyau, nan ne maganar take. Wanga ruwa bai kai ƙarfin da zai hana nama ruɓa ba. Ba irin gishirin da ake zuba wa kifi ko nama don shanya ba ne. Dole tsuntsu da ruwansa su kwana cikin firigo, sanyi kada ya wuce digiri 4. Can Amurka watan Nuwamba lokacin sanyi ne a yawancin ƙasar, kuma kusan kowane gida da firigo. A Yamai kuwa, ko cikin Nuwamba zafin rana yana wuce digiri 30. Ɗanyen naman tsuntsu yakan zo da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, irin wadda likitoci ke kira salmonela. Cikin zafi suna hayayyafa da sauri. Ɗanyen nama kada ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya tsananta awa 1. Wanda ya ajiye bokiti bayan ɗaki ya kwana, gobe yana iya raba wa baƙinsa zawo da amai. Babba ya sha wuya ya tashi. Yaro ƙarami da tsoho su ne abin tsoro.

In ma akwai firigo, ni ban cika son jiƙon ba. Bokiti yana cinye wuri. Nama yana shan ruwa, ɗanɗanonsa ya ragu, fata kuma ba ta yin ƙamas. Akwai hanya mai sauƙi: a shafa busasshen gishiri, garam 10 ga kowane kilo, waje da ciki, har ƙarƙashin fatar ƙirji. A sa cikin firigo kwana 1 ko 2. Gishiri zai jawo ruwan naman, ya narke, ya koma ciki, ya yi aikinsa. Ita na gaya wa kukunmu ya nuna wa uwar gida. Na ce kuma ya duba takardar da ke jikin ledar, in na kanti ne, don waɗansu an riga an ɗura masu ruwan gishiri tun wurin yanka. Ka ga amfanin karatu! In ya ƙara wani bisa wannan, ba mai iya ci.

Kowace hanya aka bi, a gasa har tsakiyar cinya ta kai digiri 74. In babu ma'auni, a soka wuƙa wurin da ya fi kauri, kada a ga jini. Ruwan jiƙo a zubar da shi nesa da abinci, a wanke hannu da bokiti da sabulu.

Ku da ke kiwon talotalo ko zabi a ƙauye, ba ku da firigo, kada ku jiƙa. Ba ku ma da bukata. Matanmu suna yanka nama ƙanana, su tafasa da gishiri da albasa, kana su soya ko su zuba cikin miya. Cinya ta fara shiga tukunya, ƙirji ya biyo daga baya, shi ke nan ba ya bushewa. Mai hawan jini kuma ya tuna, likitoci sun ce gishirin yini duka kada ya kai garam 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda.

Ga aikin gida. Talotalo mai kilo 7, garam nawa na busasshen gishiri za a shafa masa? Ku rubuta amsa bisa allo, ku nuna wa malaminku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.